Taswirar Burtali a But ɗin Manaja

Yanzu jikokina sukan zo da wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba, su cusa shi a gefen kwamfuta, kafin ka gyara zama hotunan bikin gidan wani sun cika allo. Ba wanda ke tambayar yadda na'urar ta gane baƙon nan. A ƙarshen shekarun casa'in ba haka abin yake ba. Ma'ajin waje a lokacin akwati ne mai girman rediyon hannu, da waya mai kauri kamar dabaibayin jaki, da faifai mai kwanso da ake tura masa a baki.

Kwamfutar wancan zamani haruffa take raba wa ma'ajiyanta. A da B na ƙananan faifai ne, C kuma na cikinta ne. Daga nan, duk wanda ta tarar a jone lokacin da aka kunna ta shi take ba D, na bayansa ya samu E. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Wanda ya riga zuwa shi ke da tabarma. Iyakar ilimin ke nan, kuma ban same shi a wata makaranta ba. Aikin dabbobi na yi, ya kai ni Garwa da Injamena da Sudan, na ƙare da tafinta a Jidda. A Injamena ne, da furfurata, aka zaunar da ni gaban na'ura aka ce ko in koya ko in ba wani kujera. Na koya.

Da na ajiye aiki na dawo Tudun Wada, sai na tarar da wani shirin raya karkara ya kama hayar gida a bakin gari ya yi ofis. Suka sa ni a kwamitinsu, don ina jin Fillanci kuma ba na neman albashi. Babban aikin da ke gabansu burtali ne, wato hanyar da shanu ke bi daga wajen Burumburum su gangara kudu zuwa duwatsun Doguwa. Gonaki sun yi ta cin gefensa kaɗan-kaɗan, har a wani wuri shanu biyu ba sa iya jerawa. Da kaka masu safiyo, wato masu auna ƙasa, suka zo, suka bi hanyar a ƙafa tare da Ardon yankin da Dagacin ƙauyen da abin ya fi shafa. Suka shafa wa itatuwa fenti, suka kafa 'yan turaku. Kafin rani ya raba, masu itace sun sare wasu, gobarar daji ta lashe sauran.

Dagaci mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce a kawo masa taswira a takarda, Hakimi ya sa hannu, a kafa turakun siminti kafin shuka, shi kuma ya ɗauki alkawari ba wanda zai sa fartanya a ciki. Amma in iri ya riga ya shiga ƙasa, ba zai ce wa talaka ya tuge ba. Turakun simintin suna jibge a harabar ofis. Taswirar kuma tana cikin faifai, faifan yana cikin akwatin nan, domin cikin kwamfutar ya yi mata kaɗan. Masu safiyo sun haɗa komai, sun nuna wa Akawun ofis inda zai danna, sun tafi abinsu.

Ardo tsohon abokin wasana ne, don kakannina Barebari ne. Ranar kasuwa yakan biyo ta zaurena, ya jingina sandarsa ya zauna ba sallamar kirki.

"Babarbare, ina takardata?"

"Wace takarda kuma, bawana? Ka iya karatu ne?"

"Shanuna sun iya. In suka ga siminti za su karanta." Ya kurɓi ruwa. "Ka dubi gabas da yamma kuwa? Hadari ya fara leƙe."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, takarda ai danna maɓalli ce. Washegari na tafi ofis.

Manajan shirin saurayi ne mai digiri da ƙaramin tumbi sabon fitowa. Na san mahaifinsa, mutumin kirki, dillalin hatsi a Kwanar Dangora. Yaron yana ce mini Baba, amma irin Baban da ake cewa in za a ɗauke tsohuwar kujera daga hanya. Yana da dokoki biyu, kuma yana ƙaunarsu fiye da aikin. Ta farko, akwatin ba ya kwana a ofis. Tun da masu safiyo suka tafi ya ce kaya mai daraja wurin shugaba yake zama, don haka kullum in an tashi sai a naɗe shi cikin tawul a sa a but ɗin motarsa. Ta biyu, dole ya tarar da kwamfuta a kunne in ya iso, kamar yadda direba ke ɗuma masa mota. Kuma in an kunna ta da safe ba a kashe ta sai an tashi, wai yawan kashewa yana cinye mata rai. Masu safiyo sun ce kada a fizge mata wuta tana cikin aiki ne kawai. Shi ya ɗauki wannan ya yi masa rawani.

Ga yadda safiyar ofis take. Akawu, wani magidanci mai sanyin murya da 'ya'ya a makaranta, ya zo da wuri ya tayar da janareta ya kunna na'ura. Sai hantsi ya dubi ludayi motar Manaja ta shigo. Akawu ya fita da sauri ya buɗe but, ya rungumo akwatin a tawul kamar jaririn suna, ya biyo bayan Manaja har ɗakinsa, don kwamfutar ma a ɗakinsa take. Manaja da hannunsa yake jona wayar, yana ɗan juyo da kai ya ga ko ana kallo. Sannan a danna taswira, allo ya rubuto da Turanci cewa ba a sami komai a D ba.

Na tarar sun daɗe a haka, ba su gaya wa kowa ba.

Na ce wa Akawu ya buɗe mini wurin da ake ganin ma'ajiyai. Ga A, ga C, ga D, ga E. Na tambaye shi mene ne D. Ya danna, sai wani ɗan faranti ya zaro harshe daga gaban na'urar, na faifan da ke ƙyalli ne, ba komai a kansa. Na ce ya buɗe E. Ga sunayen fayilolin taswira a jere, ba wanda ya ɓace. Na fahimci abin nan take. Da masu safiyo suna nan akwatin a jone yake kwana, shi ke samun D, kuma a D suka ce wa manhajar taswira ta riƙa nemansa. Yanzu na'ura tana farkawa ba ta gan shi ba, sai ta ba farantin D. In ya iso a makare ya samu E, manhaja kuma ta je tsohon gidansa ta yi sallama ba kowa.

Na jira Akawu ya fita, don ba a gyara wa shugaba zance a gaban yaransa. Na ce, "Manaja, taswirarka tana nan lafiya. Kashe na'urar, ka bar akwatin a jone, ka kunna."

Ya yi murmushi. "Baba, ba rediyo ba ce."

"Na sani. Rediyo ba ta da wannan matsalar."

"Masu safiyo sun ce D. Abin da ke E ba mu san shi ba, ba za mu taɓa ba. Akwai tsari."

"To bar akwatin ya kwana nan yau. Ko ka riga Akawu zuwa gobe."

Wannan ta biyun ce ta ɓata masa rai. Ya gyara hularsa ya ce ya riga ya aika Kano a turo injiniya, kuma ya gode da shawara, Allah ya bar mana manya.

Na ga irinsa a ƙasashe da yawa, kada wani ya ce halin mutanenmu ne. A Sudan na yi aiki da wani da ke kulle tambarin ofis a aljihunsa ya tafi ta'aziyya ƙauye, shanu na mutuwa ana jiran takardar allura. A Garwa akwai wanda ba ya karɓar magana sai da Faransanci, ko da kai da shi Fillanci kuka sha a nono. Amma waɗancan aƙalla sun san abin da suke riƙewa. Na Tudun Wada yana yawo da hanyar shanun mutane a but ɗinsa, tare da tayar safaya da galan ɗin mai, bai ma san ita ce ba.

Injiniya ya zo daga Kano da jaka da baƙin tabarau. Ya kwance bayan na'urar ya hura mata iska da famfon keke, ƙura ta tashi, Manaja ya gyaɗa kai kamar an fitar da aljani. Ya mayar ya ɗaure, ya kunna. Sai da ta gama tashi sannan aka jona akwatin, don Manaja bai yarda akwatin ya bar tawul ba sai an gama aikin datti. Ba a sami komai a D ba. Injiniya ya cire tabarau ya ce cutar kwamfuta ce ta cinye taswirar, maganinta a wanke faifan tas. Wankewa kuwa na nufin gogewa. Abin da ya cece mu ba hankali ba ne. Manaja ya ce faifan kayan shiri ne, shi ya sa hannu ya karɓa, ba mai taɓa shi. Rowarsa ta yi rana sau ɗaya. Injiniya ya ci shinkafa da kaza ya koma.

Bayan nan ne, wata rana da azahar, mai ya ƙare a janareta ana tsakiyar aiki. Ina ofis a ranar, na kawo saƙon Ardo. Aka zuba mai aka tayar, Akawu ya kunna na'ura, akwatin kuwa yana jone tun hantsi. Ya danna taswira don sabo kawai. Sai ga ta. Jan layi ya taso daga Burumburum, ya ratsa tsakanin gonaki, ya tsallake rafi, ya nufi Doguwa, kowane wurin turke da ɗigonsa.

Akawu ya miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, ta dawo."

Manaja ya zagayo ya tsaya da hannu a baya. Ya ce ai dama injiniya ya gaya masa aikin iskar yakan ɗauki lokaci kafin ya kama.

Na ce, "Manaja, a buga ta yanzu. Ga firinta, ga takarda."

Ya ce a'a. Abu irin wannan ba a yin sa a ɓoye. Gobe za a gayyato wakilin Hakimi da Dagaci da Ardo, a buga a gabansu, a ɗauki hoto. Na ce to ya bar akwatin a jone. Ya ce, "Baba, yanzu da ta dawo ne ma ya fi kamata a tsare ta." Aka naɗe a tawul aka kai but.

Washegari ɗakin ya cika. Wakilin Hakimi da babbar riga, Dagaci a gefensa, Ardo a tsugune bakin ƙofa don ya ƙi kujera, ga mai hoto. Akawu ya kunna na'ura tun da sassafe bisa doka. Manaja ya iso a ƙarshe bisa doka, ya jona waya, ya yi ɗan jawabi a kan zamani da ci gaba, ya danna da kansa. Ba a sami komai a D ba. Ya sake dannawa. Ya danna da ƙarfi, kamar maɓallin ne ke da taurin kai.

Ardo ya tambaye ni da Fillanci ko shanun cikin akwatin ma sun rasa hanya ne. Na ce masa sun je ƙofar da ba tasu ba.

Sannan na ce da Hausa, kowa yana ji, "A kashe ta a kunna. Abin da ya faru jiya ke nan."

Wakilin Hakimi ya dubi Manaja. Da Manaja ya miƙa yatsa ya kashe, da kafin a gama gaisawa an fita da takarda. Amma da ya yi haka, an ga tsohon malamin dabbobi ya koya masa aikinsa a gaban manya. Ya zaɓa. Ya ce Akawu ne ya yi wasa da na'urar da safe, za a bincika, kuma daga yau ba mai shiga ɗakin nan sai ma'aikaci. Akawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Wasu daga baya sun ce da na ja Manaja gefe. Na riga na ja shi gefe, gefen bai kai mu ko'ina ba.

A waje Dagaci ya tsaya yana kallon turakun siminti. Ya ce mini, "Alhaji, ni maganata tana nan. Amma mutanena sun gyara gonaki, iri yana hannu. Ba ni nake riƙe da sama ba."

Na je gidan mahaifin Manaja a Kwanar Dangora. Ya saurare ni, ya ce yaran yanzu sun fi mu sanin na'ura, a yi haƙuri da su. Na rubuta wa masu safiyo, amsa ba ta zo ba. Na roƙi Akawu, ya ce, "Baba, akwatin ba ya zuwa sai da Manaja, ba ya tafiya sai da shi. Ko bayi ya shiga sai ya kulle ɗakin." Ya ƙara da cewa shi ma ya gane abin tun ranar janareta, amma yana da iyali.

Ruwa ya sauka ranar wata Talata, mai yawa, irin wanda ba a jiran na biyu. Kafin mako ya zagayo duk ƙasar Burumburum an yi shuka.

Dawa ta kai gwiwa lokacin da aka aiko cewa masu ba shirin kuɗi za su zo duba aiki, kuma taswira suke son gani. Da sassafe na ji mota a ƙofar gidana. Manaja ne, ba direba, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, wannan 'yar dabarar da ka taɓa faɗa. Ko za mu gwada, don a cire shakka."

"Wace ce? Ta rediyo?"

Ya buɗe mini ƙofar mota. Muka tafi. Ya riga Akawu zuwa ofis a karo na farko, ya ɗauko akwatin da kansa, tawul yana jan ƙasa. Na jona, na kunna. Ga taswira. Sannan na shiga wurin saitin na'urar na ɗaure farantin nan a harafin R, can nesa, yadda ko akwatin ya zo da la'asar zai tarar da D tana jiransa. Wani Bacadi ne ya nuna mini wannan a Injamena, yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Shayin da aka kawo mini bai huce ba muka gama. Manaja ya ce in ba da damuwa, kada maganar ta fita. Na ce ba wanda zai tambaya.

Aka buga taswira biyu. Ɗaya aka sa mata gilashi aka rataye a ɗakinsa. Ranar da baƙi suka zo, an ce ya tsaya gabanta da ɗan sanda yana nuna musu jan layin, yana bayanin wahalar da aka sha da cutar kwamfuta. Sun yaba ƙwarai.

Ɗayar na naɗe na kai Burumburum. Ni da Ardo da Dagaci muka bi layin a ƙafa. Daga ruga zuwa rafi hanya tana nan. Daga rafi kuwa, inda takarda ta ce burtali, dawa ce kore shar, kunya bayan kunya, har inda ido ya tsaya. Wani manomi ya ɗago daga noma ya gaishe mu, ya ga takarda a hannuna, ya koma ya duƙa.

Dagaci ya ce, "Alhaji, ka gani. In ce ya tuge?"

Mun san ba zai ce ba. Mun kuma san sauran: wanda ya shuka ya girbe bana, baɗi gonar gado ce.

Ardo ya karɓi taswirar ya juya ta sama da ƙasa, ya bi jan layin da farcensa.

"Babarbare, ashe hanyar tana da kyau haka."

"Tana da kyau."

"A takarda ma ta fi faɗi." Ya naɗe ta a hankali ya miƙo mini. "Riƙe. Kai ne ka iya karatu. Ka kai wa yaron nan ya sa a mota, kada ta ɓace."

Da kaka Ardo ya bi da shanunsa ta bakin kwalta, motoci suna yi musu ham, yaransa suna gudu gaba da baya da sanduna. Bai sake dawowa mashekarinsa na Burumburum ba, ya zauna can wajen Doguwa, kuma zuwansa zaurena ya koma sai an yi rasuwa. Shirin ya ƙare, an ɗauki Manaja zuwa wani babban ofis a birni. Turakun simintin an jera su an yi wa masu jiran mota wurin zama.

Kwamfutar ba ta sake ɓatar da D ba har ta mutu. Burtalin kuwa, daga rafi zuwa kudu, gona ne har yau.